Daga Gwammaja zuwa Jidda: Abin da Ke Kashe Kamfanin Jirgi

Ina goye a bayan mahaifiyata a Roni ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2002, lokacin da jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan unguwar Gwammaja a Kano. Labarin a bakin kawuna na tsince shi, wanda a lokacin yake sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa. Yakan ce hayaƙin ya fara gani kafin ya san abin da ya faru. Da na girma na bi hanyar Kazaure da Ɗambatta na shiga Kano karatu, sai wata tambaya ta riƙa yi mini kaikayi: mutane sun mutu, an binne su, to shi kamfanin fa, ina ya shiga?

Jirgin ƙirar BAC 1-11 ne, ya taso daga Jos, ya yada zango a filin jirgin Malam Aminu Kano, zai wuce Legas. Wajen tashi ya zarce ƙarshen titinsa, injinansa suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu, ya kasa ɗagawa yadda ya kamata. Alƙaluman hukuma sun tsaya a kan mutum 103, 30 daga cikinsu mazauna unguwar ne da ba su sayi tikitin kowa ba. Ministan wasanni, Ishaya Mark Aku, yana cikin fasinjojin da suka rasu.

Da farko na ɗauka kuɗin jirgin da ya ƙone shi ke durƙusar da kamfani, kamar yadda mai mota ɗaya a garinmu kan koma gona idan motarsa ta kife. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Gangar jirgi da diyyar fasinja, a ƙa'ida, nauyin inshora ne. Abin da inshora ba ta biya shi ne abin da ke biyo baya. Bayan Gwammaja, ma'aikatar sufurin sama a ƙarƙashin Kema Chikwe ta dakatar da duk jiragen BAC 1-11 a ƙasar, aka kuma hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22. Ga kamfanin da ya gina kasuwancinsa a kan irin waɗannan tsofaffin jirage masu araha, wannan daidai yake da a rufe wa ɗan kasuwa rumfa amma a ce ya ci gaba da biyan haya. Albashi bai tsaya ba, bashin banki bai tsaya ba, kuɗin inshorar shekara mai zuwa kuwa hawa yake yi. Hukuncin ma bai tsaya kan EAS kaɗai ba; kamfanonin da jirginsu bai faɗi ba sun sha daga wannan ƙwarya. EAS ya lallaɓa na 'yan shekaru, kafin a 2006 a haɗe shi cikin NICON Airways, wanda shi ma bai yi tsawon rai ba. Wanda ya kafa EAS, Kyaftin Idris Wada, siyasa ya koma, ya zama gwamnan Kogi a 2012.

Kano ta ga abin da ya fi wannan muni tun kafin nan. A 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya don kwaso alhazai, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Babu ɗaya daga kamfanonin biyu da ya girgiza, domin kowanne baitulmalin gwamnati ne a bayansa. Nigeria Airways ya ƙara shekara 30, kuma bashi da rashin iya riƙo ne suka kai shi kushewa a 2003.

Sai a kwatanta da 11 ga Yuli, 1991. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, shi ma hayar Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda da alhazai zai kai su Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe, wuta ta kama, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Nationair kamfani ne mai zaman kansa da ke rayuwa da kwangilar haya, jarinsa kuwa sunansa ne. A 1993 ya rushe. Adalci ne a faɗa cewa rikici da ma'aikata da tarin bashi suna cikin abin da ya ci shi. Hatsarin ya sami bango da tsaga ne ya ture.

Tsakanin Oktoban 2005 da Oktoban 2006 Nijeriya ta yi asarar jirage uku: na Bellview a Lisa, na Sosoliso a Fatakwal, da na ADC a Abuja, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Gwamnati ta gindaya mafi ƙarancin jari, Naira miliyan 500 ga mai jigilar cikin gida, wa'adi 30 ga Afrilu, 2007. ADC da Sosoliso ba su sake tashi ba. Bellview ya kai 2009.

Dana Air ne ya so ya ɓata mini lissafi. Jirginsa ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, da mutum 153, aka dakatar da shi, amma ya dawo ya yi aiki har 2024. A ganina dalilin bai wuce cewa reshe ne na babban rukunin kamfanoni mai sayar da motoci da magunguna ba, akwai mai ciyar da shi a watannin da yake zaune.

Na taɓa zayyana wa kawuna duk wannan a ƙofar gida bayan la'asar. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko a cikin takardun da na karanta na ga inda aka rubuta kuɗin ɗakunan da suka rushe a Gwammaja.