Taƙaitaccen Tarihin Ƙwallon Ma'aikata a Ƙasar Kano da Haɗeja

Bayan haka, ya kamata a sani cewa ƙwallon ƙafa a Nijeriya a hannun ma'aikata ta girma. A zamanin Turawa manyan ma'aikatu da kamfanonin ciniki kowanne da ƙungiyarsa. Aka fara gasar Kofin Gwamna a Legas a shekarar 1945, ma'aikatan jiragen ruwa suka ɗauka. A 1946 ma'aikatan jirgin ƙasa suka karɓe shi, a 1950 ya koma hannun kamfanin UAC.

Tun kafin wannan an san wasa don taimako. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Nnamdi Azikiwe ya zagaya garuruwan ƙasar nan da ƙungiyarsa, ana wasa ana tara kuɗin shiga fili don asusun yaƙi.

Kofin nan bai taɓa hawowa Arewa ba sai a 1953, da 'yan wasan Kano suka ciwo shi. A wancan zamani Kaugama da sauran ƙasar Haɗeja suna cikin Lardin Kano, gyaɗarsu kuwa ta tashar Malam Madori take bi a jirgi. Daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano akwai Saul Raccah, mutumin Tarabulus, wanda ƙungiyar Raccah Rovers ta ɗauki sunan gidansa. Ita ce zakarar Nijeriya a 1978. Ashe guminsa manomi yana cikin wannan ɗaukaka, ko da bai taɓa zuwa kallo ba.

Sai dai ƙungiyar ma'aikata kamar yabanya take, ruwanta daga ma'aikatar yake. Da cinikin gyaɗa ya faɗi, tattalin arziki ya tsananta, ƙungiyoyin suka raunana, Raccah Rovers ta watse. A 1990 aka haɗe WRECA ta hukumar ruwa, da ta Bankin Arewa, da Kano Golden Stars, aka samar da Kano Pillars. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, daga baya ita ma ta samu tata, wato Jigawa Golden Stars. Riƙon ƙwallo ya koma wuyan gwamnati.

Abin lura shi ne, magabata sun tara jama'a da wasa, suka fitar da taimako daga aljihun 'yan kallo. Ma'aikatan Kaugama da Haɗeja, malaman makaranta da na asibiti, suna da ikon raya wannan, musamman don waɗanda ambaliyar kogin Haɗeja take cinye wa gonaki, kamar yadda ta yi a 2020 da 2022. Allah Ya jiƙan magabata, Ya yi wa na baya jagora.