Wadda Ba A Naɗa Ba

'Yan'uwana mata, tun zamanin kakanni a ƙasar Hausa ake naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, amma wa ya taɓa tuna mai yi musu shara da wanki? Jika ce ko 'yar riƙo: ta ɗebo ruwa, ta zubar da fo, ta kai tsohuwa bayi, ladanta tuwo. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya yanka wa naƙasassun Jigawa naira 7,000 duk wata, madalla. To ita fa? Ambaliya irin ta Haɗeja a 2020, wa zai goyi gurguwa zuwa tudu in ba ita ba? Don Allah, in tana gidanki, ki yanka mata albashi, ki bar ta ta je makaranta.