Tarihin Maimaita Jarrabawar Shiga Jami'a a Maiduguri

An kafa Jami'ar Maiduguri a shekarar 1975, lokacin da kowace jami'a ke tantance ɗalibanta da kanta. A 1978 aka kafa hukumar JAMB, jarrabawar ta zama ɗaya ga ƙasa baki ɗaya: darussa huɗu, Ingilishi na dole a cikinsu, maki 400. Sakamakonta kuwa shekara guda yake aiki. Daga nan matsalar maimaitawa ta samo asali. Ɗalibin da makinsa bai kai na likitanci ko lauya ba, ko dai ya karɓi wani fanni, ko ya nufi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, ko ya jira baɗi, alhali sabon maki na iya gaza tsohon.

A 2005 jami'o'i suka ƙara tasu tantancewar, a 2015 aka koma kwamfuta kacokan. Rufe makarantun sakandaren gwamnatin Borno a 2014, sakamakon rikicin Boko Haram, ya janyo wa ɗalibai asarar lokaci, jiran baɗi ya ƙara tsada.

A ganinmu, wajibi ne manhaja ta tanadi nasiha kan wannan zaɓi. Malami ya duba makin ɗalibi darasi-darasi: raunin darasi guda yana gyaruwa cikin shekara, na darussan fanni duka kuwa alama ce ta a sake fanni.