Jif Mai Batir: Daga Mil 95 Zuwa Masana'antar Liberty

Jama'a, duk wanda ya taɓa kawo zancen motar lantarki a gaban Baba ya san tambayoyi biyun da za su biyo baya: "Ina za ta kai ka kafin caji ya ƙare?" da kuma "Batirin shekara nawa zai yi?" To, tambayoyin nan sun girmi da yawa daga cikinmu, kuma tarihinsu ya biyo har ta ƙofar gidanmu a nan Greensboro.

A shekarar 1990 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan kamfanonin mota su fara sayar da motocin da ba sa fitar da hayaƙi. Amsar Toyota ita ce RAV4 EV, wadda ta fito a 1997. Ƙaramar jif ce, irin wadda iyayenmu 'yan Nijar ke kira kat-kat. Caji ɗaya yana kai ta kimanin mil 95. Wato daga nan zuwa Charlotte da ƙyar da jiɓin goshi, kuma kada ka kuskura ka ɓata hanya.

A lokacin, fargabar mutane ita ce batirin zai mutu cikin 'yan shekaru. Sai kamfanin wutar lantarki na Southern California Edison ya zuba motocin cikin aikinsa na yau da kullum, aka wayi gari wasunsu sun haura mil 100,000 da batirinsu na asali. Ashe batirin nikel ɗin nan yana da ƙarko.

To me ya kashe ta? Ba batiri ba ne. An sassauta dokar Kalifoniya, Toyota ta daina ƙera motar a 2003 bayan kusan guda 1,500 kacal sun hau titi a Amurka. Ga kuma rigimar haƙƙin mallakar fasahar batirin, wanda ya faɗa hannun kamfanin mai na Chevron bayan ya haɗe da Texaco a 2001. Kun ji fa, an ba kura ajiyar nama. Fim ɗin Who Killed the Electric Car? na 2006 ya taɓo wannan badaƙala.

A 2012 RAV4 EV ta dawo da batirin litiyom na Tesla, amma mil 103 kawai take yi. Shekara 15, ƙarin mil takwas! A 2014 aka sake rufe babinta. Sai a 2022 Toyota ta fito da bZ4X, mai kaiwa har mil 252, da garantin batiri na shekara takwas ko mil 100,000. Abin da ya ba mutane mamaki a da, yanzu shi ne mafi ƙarancin alkawarin da kamfani ke yi.

Nan ne labarin ya iso unguwarmu. A Disambar 2021 Toyota ta zaɓi wani fili kusa da garin Liberty, kudu maso gabas da Greensboro, don gina masana'antar batir. An fara da dala biliyan 1.29, zuwa 2023 jarin ya kai biliyan 13.9, da alkawarin ayyuka sama da 5,000. A 2025 batura suka fara fita, kuma na motoci masu haɗa fetur da lantarki aka soma yi.

Darasin tarihin nan yana da amfani ga aljihunmu. Batir ba ya mutuwa dare ɗaya, ƙarfinsa ne ke raguwa sannu a hankali, kuma babban maƙiyinsa zafi ne. Masu Nissan Leaf a Arizona sun gani a 2012, lokacin da batiran da ba su da ruwan sanyaya suka yi saurin rauni. Don haka kafin Kawu ya sayi ta hannu ya loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, a ce masa ya duba lafiyar batirin da yadda ake sanyaya shi, ba lambar mil kaɗai ba. Zafin Maraɗi a watan Afrilu ba ya karanta takardar garanti.