Peugeot 504 da Zamanin Albashi Mai Auki

Masu kewar Peugeot 504 sukan yabi ƙarfin jikinta, amma a ganina zamanin albashi mai auki suke kewa. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, daidai lokacin da ƙarin albashin da ake kira Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Magidanci ya karɓi rancen mota, ya sayi doguwar nan mai layin kujeru uku, ta kwashe uwargida da yara zuwa gida hutun Sallah, buhun shinkafa a baya. Za a ce tana shan mai. Haka ne, sai dai man yana da araha a lokacin, kuma kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta. Faɗuwar naira daga 1986 ce ta raba ma'aikaci da sabuwar mota, ta miƙa shi ga tsofaffin motoci 'yan Kwatano.