Tarihin Cutar Da Ke Makantar Da Bakwaini

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen jarirai a Asibitin Koyarwa na ATBU da ke nan Bauchi ya ga bakwaini kwance a kwalba, da robar oksijin a hanci. Wannan iskar mai ceton rai ta taɓa makantar da dubban yara.

A 1942 wani likitan ido a Boston ta Amurka, Theodore Terry, ya ba da bayanin wata sabuwar makanta: bakwaini zai rayu, bayan 'yan watanni sai a ga wani farin abu a cikin idonsa. Abin ɗaure kai, manyan asibitoci masu sababbin kwalabe ta fi addaba. An zargi haske, an zargi bitamin, duk ba su ba ne. Zuwa 1953 yara kusan 10,000 sun makance, ciki har da mawaƙi Stevie Wonder da aka haifa a 1950.

Wata likitar yara a Ostareliya, Kate Campbell, ita ce a 1951 ta lura cewa cutar ta fi kama jariran da aka sakar wa oksijin ba awo. Gwajin Arnall Patz a Washington ya gaskata ta a 1952. Ashe jijiyoyin jinin tantanin da ke can ƙuryar ido ba sa gama tofowa sai dab da cikar wata tara. Oksijin mai yawa yakan tsayar da su, daga baya su tsiro barkatai har su ɓamɓare tantanin.

Sai likitoci suka shiga tsuke iskar. Makanta ta ragu, amma mutuwa da lahanin ƙwaƙwalwa suka ƙaru, har sai da aka samu na'urorin auna oksijin a jini.

Yanzu da bakwaini ke ƙara rayuwa a asibitocinmu, cutar ta iso mana, kamar yadda ta iso Indiya tun da farko. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne jaririn da aka haifa kafin mako 32, ko bai kai kilo 1.5 ba, ko ya daɗe a kan oksijin, ko ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ko aka yi ta masa ƙarin jini. Da farko uwa ba za ta ga alamar komai ba, shi ya sa likitan ido ke duba shi wajen mako huɗu da haihuwa, wato kafin mai jego ta yi arba'in. In an gano da wuri, ana maganinta da leza ko allurar ido.