Daga Aikin Dole Zuwa Ƙuri'a

Jama'a, ku tambayi tsofaffin Gaya labarin aikin dole. Ko wanda bai gani da idonsa ba, ya ji daga bakin ubansa. Zamanin mulkin Faransa, kumandan yakan aiko wa sarki cewa yana son mutum kaza. Sarki ya aika wa masu gari. Sai a kwashi majiya ƙarfi, a kai su gyaran hanya ko ɗaukar kaya. Ba lada. Gona kuwa ta zauna ba mai noma. Wanda ya ƙi, kumandan na iya ɗaure shi ba tare da shari'a ba. Shi ya sa waɗansu suka riƙa gudu, suna tsallakawa wajen Kamba, ƙasar da Ingilishi ke mulki.

Wa aka fi kwasa? Ɗan talaka. Mai hali yana da hanyar kuɓutar da nasa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, 'yan Afirka kaɗan suka samu shiga majalisar Faransa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Hufuwet Buwanyi na Kodebuwa. Shi ya kawo dokar hana aikin dole, aka zartar da ita ran 11 ga Afirilu 1946. A shekarar nan aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, aka kuma zaɓi Jori Hamani ya wakilci Nijar a Faransa.

Amma kada ku ɗauka kowa ya jefa ƙuri'a. A'a. Sai sarakuna, da ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin soja, da irinsu. Manomi yana biyan haraji, amma ba a tambaye shi ba. A 1951 aka ɗan buɗe ƙofa. Aka ce mai gida mai biyan haraji ya shigo. Mace ma ta shigo, amma sai in ta haifi 'ya'ya biyu. Ku ji fa! Wadda Allah bai ba haihuwa ba, ashe ba ta da hankalin zaɓen shugaba? Sai a 1956 doka ta ce kowane baligi, namiji da mace, yana da ƙuri'a ɗaya.

Daɗin bai daɗe ba. A 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari. Muka samu 'yancin kai a 1960 da jam'iyya ɗaya tak. Kana da ƙuri'a, ba ka da zaɓi. Soja suka karɓa a 1974.

A 1991 aka shirya babban taron ƙasa don a dawo da jam'iyyu. Kwamitin shirya taron, mace ɗaya kaɗai aka sa a ciki. Mata suka ce ba su yarda ba. Ran 13 ga Mayu suka fito titin Yamai da yawan gaske, har ofishin firaminista. Dole aka ƙara musu kujeru. Ranar nan ce ta zama ranar matan Nijar.

A 2000 aka yi doka cewa a ba mata aƙalla kujera 10 cikin 100 na zaɓe. Kafin dokar, mace ɗaya ce a majalisar ƙasa. A zaɓen 2004 suka zama 14. A 2019 aka ɗaga rabonsu zuwa 25 cikin 100.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka sake karɓar mulki. Aka dakatar da tsarin mulki, majalisa ta tashi, da mazanta da matanta.